Ƙudan da ba shi da rumbu: kundin aikin ƙidayar bombus a gonakin Kent

Talata, 18 ga Maris 2025

Yau na kammala shata hanyoyin ƙidaya guda huɗu a yankin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila, inda zan shafe watanni takwas ina bin sawun wani ƙudan zuma lukuti mai gashi buzu-buzu, wanda masana ke kira Bombus. A wannan kundi zan riƙa ce masa bombus kawai, domin babu shi a ƙasar Hausa, babu shi a ko'ina kudu da Sahara, ƙwaro ne na ƙasashen sanyi. Wanda ya fi kama da shi a wajenmu shi ne baƙin ƙudan nan mai ƙugi da ke huda azara ko gora ya yi gida, yana bin furen wake da hantsi, sai dai shi bombus zaman gandu yake yi, sarauniya ɗaya da 'ya'yanta ma'aikata a sheƙa guda. Akwai nau'o'insa kimanin 250 a duniya, 24 daga cikinsu a Birtaniya.

Abin da aikin yake so ya gano shi ne dalilin da ya sa gona ɗaya take cike da wannan ƙuda, maƙwabciyarta kuwa mutum ya yini bai ga ko biyar ba, alhali rana ɗaya ce take haska su, ruwa ɗaya yake sauka a kansu. Hanya ta farko ta ratsa wata makekiyar gona ta alkama da waken ful da kanola, shukar da ake tatsar man girki daga irinta, wadda aka cire yawancin shingayenta tun shekarun baya domin manyan motocin noma su sami wurin juyawa. Ta biyu tana cikin gonar shanun madara, inda ido ba ya ganin komai sai koriyar ciyawa iri ɗaya. Ta uku tana gefen fadamar Romney, a gonar wani dattijo mai kiwon tumaki wanda har yanzu yake yanka ingirici sau ɗaya a shekara, bai kuma taɓa bakin magudanan ruwansa ba. Ta huɗu ta bi ta cikin wani ƙauye, ta gefen lambunan gidaje da harabar coci, domin in sami abin gwadawa da gonakin.

Tsarin ƙidayar shi ne wanda ƙungiyar Bumblebee Conservation Trust take amfani da shi a shirinta na BeeWalk. Mutum zai taka a hankali a kan hanya guda wadda ba ta canzawa, ya rubuta duk bombus da ya gani a cikin mita 2 dama da hagu da mita 4 a gabansa, da nau'insa, da furen da ya same shi a kai. Ni na ƙara abu ɗaya, wato ajiye firam mai faɗin mita ɗaya a wurare goma na kowace hanya domin ƙirga furannin da suka buɗe a ranar. Da azumi a bakina na yi zagayen yau, ga iska mai sanyi, amma sarauniyoyin da na tarar suna ƙugi a kan wata bishiyar wilo a bakin magudanar gonar dattijo sun sa na manta da gajiya. A gonar alkama da ta shanu kuwa firam ɗina bai kama fure ko ɗaya ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu 2025

Na shafe kusan minti ashirin yau ina bin wata sarauniya mai farar jela a gindin shingen da ya rage a gonar alkama. Tashi take yi ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga doron ƙasa, tana karkata dama da hagu, duk inda ta ga duhun rami ko tarin busasshiyar ciyawa sai ta sauka ta kutsa kai, ta ɓace na ɗan lokaci, ta fito da ƙura a gashinta ta ci gaba. Gida take nema. Wannan nau'i ba ya haƙa rami da kansa, tsohon ramin ɓera yake gada har da shimfiɗar ciyawar da ɓeran ya bari, wasu nau'o'in kuma a cikin duhuwar doguwar ciyawa suke saƙa sheƙa a saman ƙasa. Saboda haka duk gonar da garma ta ci har bakin iyaka ta hana ƙudan nan wurin kwana tun kafin a zo maganar abinci.

Maganar abincin ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙudan zuman da muka sani a amya yana da rumbu, yana tara zumar da za ta riƙe dubban 'ya'yansa watanni. Bombus ba shi da wannan gata, rayuwarsa hannu baka hannu ƙwarya ce. Sarauniyar da ta fito daga barcin hunturu ita kaɗai ce ta rage a zuriyarta, sauran duk sun mutu tun bara. Ita za ta nemo gida, ita za ta ƙera ɗan tukunyar kakin da ba ta fi kan ɗan yatsa ba ta zuba ruwan fure a ciki, ita za ta dunƙule garin fure ta saka ƙwai a kai, sannan ta kwanta a kansu kamar kaza tana karkaɗa naman ƙirjinta domin ta ɗumama su. Ɗumamawar nan tana cin ƙarfi ƙwarai, don haka dole ta riƙa fita kiwo tana dawowa kafin ƙwan su huce. Idan furen yana nesa, ko ruwa ya tsare ta kwana biyu ko uku, gidan ya mutu ke nan tun bai kafu ba. Ko bayan ma'aikata sun yawaita, abin da suke ajiyewa bai wuce na 'yan kwanaki ba.

Wannan ne ya bayyana abin da ya faru bara. Ƙidayar BeeWalk ta nuna cewa 2024 ce shekara mafi muni tun da aka fara tattara bayanan, inda yawan bombus ya ragu da kashi 22.5 cikin ɗari idan aka gwada da matsakaicin shekarun 2010 zuwa 2023, nau'insa mai jar jela ma ya ragu da kashi 74, bayan sanyi da ruwa sun mamaye watannin da sarauniyoyi ke kafa gida. Sarauniyoyin da nake gani bana 'ya'yan waɗanda suka tsira daga waccan shekara ne.

Talata, 29 ga Afrilu 2025

Kanola ta yi fure, gonar alkama ta koma rawaya iya ganin ido, ƙamshinta har a kan titi. Hanyar da ta shafe makonni ba ta ba ni abin rubutawa ba, yau ita ce kan gaba, har alƙalamina bai iya bin abin da idona ke gani ba. Da a ce yau kaɗai wani ya zo ya yi ƙidaya, da ya koma ya ba da rahoton cewa babbar gonar zamani ta fi kowace amfani ga bombus. Na rubuta wa kaina gargaɗi a gefen takarda cewa kada wannan rawaya ta ruɗe ni, domin masu bincike na jami'ar Göttingen a Jamus sun daɗe da nuna cewa kanola tana haɓaka gidan bombus a farkon shekara, amma hakan bai kai ga ƙara yawan sababbin sarauniyoyin da gidan ke fitarwa a ƙarshe ba. Gida ne zai cika da baki a lokacin yalwa, sannan furen ya kaɗe gaba ɗaya cikin 'yan makonni.

Na sami manomin a bakin rumfar motocinsa, muka daɗe a tsaye. Mutum ne mai sauƙin kai, kuma ba ya ɓoye ra'ayinsa. Ya ce tun da aka hana maganin ƙwarin da ake cuɗa iri da shi, wato dangin niyonikotinoyid, wani ɗan ƙwaro mai tsalle yake cinye masa kanola tun tana tsiro, har maƙwabtansa da yawa sun daina shuka ta, shi kuma ya koma feshi da wani magani wanda ƙwaron ya fara sabawa da shi. Ban musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Amma na gaya masa abin da ya jawo hanin. A 2012 masu bincike na jami'ar Stirling a Sukotilan sun ciyar da gidajen bombus abinci mai ɗauke da ɗan abin da ake samu na maganin imidacloprid a fure, sai sababbin sarauniyoyin da gidajen suka fitar suka ragu da kashi 85 cikin ɗari. Maganin ba ya kashe ƙudan nan take, jikin shuka yake bi ya fito a ruwan fure da garinsa, ya dagula wa ma'aikaciya kai har ta kasa kawo abinci yadda ya kamata. A 2015 wani gwaji a gonakin kanola na ƙasar Suwidin ya nuna irin wannan illa a fili. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da nau'i uku na maganin a 2013, ta hana su a duk noman fili a 2018, kuma a watan Janairun bana gwamnatin Birtaniya ta ƙi ba da izinin gaggawan da aka saba bayarwa domin noman gwozar sukari.

Ya saurara har na gama, sannan ya nuna mini wani zirin ƙasa a gefen gona wanda ya yi niyyar shuka wa furanni bana. Ya ce yana cikin cike takardun neman tallafi aka rufe ƙofar shiga shirin tallafin noma mai ɗorewa ranar 11 ga Maris. Zirin yana nan, alkama ce a kai.

Alhamis, 15 ga Mayu 2025

An yanke ciyawar gonar shanu shekaranjiya. A makonni uku da suka wuce furen dandeliyan ya ɗan ba ni abin ƙirgawa a can, yau kuwa fili ne fetal kamar an yi masa aski, an kwashe ciyawar ɗanya an danne ta a rami an rufe da baƙar leda domin ta tsumu. Mai gonar ya ce in ruwa ya samu zai yanka sau uku ko huɗu kafin Oktoba. A da manomin Ingila sau ɗaya yake yanka ingirici, a watan Yuli ko bayansa, lokacin da furannin cikin ciyawar sun gama buɗewa sun zubar da iri. Ciyawar tsimi kuwa tun tana ɗanya shar ake son ta, kafin komai ya yi fure.

Akwai kuma abin da takin zamani ya yi. Kafin ya wadata, manomi a nan yana gyara ƙasarsa ne da wata ciyawa dangin wake mai suna kuloba, musamman ja, wadda take tara sinadarin naitirojin a saiwarta kamar yadda wake da gyaɗa suke yi a gonakinmu, kuma dawakin da ke jan garma ita suke ci. Da buhun taki ya zo, motar noma ta maye gurbin doki, sai gonakin kuloba suka ɓace, takin kuma ya ba ciyawa mai saurin girma ƙarfin danne duk wani ɗan fure. Tsakanin shekarun 1930 da 1984 Ingila da Wales sun rasa kashi 97 cikin ɗari na makiyayunsu masu furanni. Koren da na gani a hanya ta biyu ranar farko, wanda ya burge ni a matsayina na wanda ya taso inda ake marmarin kore, ga bombus daidai yake da daɓen siminti.

A gonar ful na durƙusa na duba furanni ɗaya bayan ɗaya, sai na ga da yawa suna da ɗan huji a gindi, gefensa ya yi baƙi. Ban jima ba wata ma'aikaciya mai gajeren harshe ta sauka, ba ta ko kalli bakin furen ba, ta zarce gindi ta soka harshe ta hujin ta tsotse ta tashi. Sata ce tsagwaronta, domin furen bai sami barbara ba. Wadda take shiga ta ƙofa ita ce Bombus hortorum mai dogon harshe da doguwar fuska, kuma ita ce ta fi ƙaranci a wannan gona.

Alhamis, 12 ga Yuni 2025

Abin da na yi tsoro ya tabbata. Kanola ta kaɗe, ful ya ɗaure, itatuwan ƙaya na shinge sun gama fure tun watan jiya, ƙayar bilakberi kuma yanzu take fara buɗewa. A hanya ta farko firam bakwai cikin goma ba su kama komai ba. Wannan kuwa shi ne lokacin da gidajen suka fi yawan baki, domin ma'aikatan da aka haifa a yalwar kanola duk suna raye, ga tsutsotsi suna jiran abinci. Ya tuna mini da tsakiyar damina a karkara, lokacin da gona ta yi kore shar amma rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Masu bincike na jami'ar Bristol sun auna ruwan furen da gonakin kudu maso yammacin Ingila ke samarwa a tsawon shekara, suka buga sakamakon a 2019, inda suka nuna giɓi a watan Maris, da wani a Yuni, da kuma wani daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Na farko na gan shi da idona, ga na biyu ina tsaye a cikinsa.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne gefen titin da ya bi ta bayan gonar. Makon jiya yana cike da farar ciyawa mai fure da wani ɗan waken daji mai shuɗin fure, kuma nan ne kaɗai nake samun masu dogon harshe a wannan hanya. Yau na tarar an bi shi da injin yanka tun daga kwana har gada, an bar ciyawar a zube tana bushewa. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi, tsabta aka nema, amma da an jinkirta makonni shida da ba a rasa komai ba.

Hanya ta huɗu ce ta riƙe ni yau. A lambunan ƙauyen, kowane gida da abin da ya shuka, wannan ya kaɗe wancan ya buɗe, saboda haka babu makon da firam ɗina ya dawo wayam tun daga Maris. Da yamma na ga ma'aikata suna tashi daga lambunan suna tsallake titi suna nufar gonar alkama, alamar sheƙarsu tana can, abincinsu yana nan. Nisan da za su iya ci yana da iyaka. Binciken da aka yi ta hanyar gano 'yan uwan juna da ƙwayoyin halitta ya nuna cewa Bombus terrestris yana kaiwa mita 750 ko fiye daga gida, amma Bombus pascuorum da mai jar jela ba su cika wuce mita 450 ba. Fure mai nisan kilomita biyu, ga waɗannan, kamar babu shi ne.

Malamar da ke duba aikina ta bi takarduna ta kama mini kuskure. Na riƙa raba ma'aikatan terrestris da na Bombus lucorum, nau'in nan mai farar jela, a rubutu, alhali ba a iya bambanta su da ido a fili, sarauniyoyinsu kaɗai ake rarrabewa. Na ce mata, "Malama, ai launin jelar nake dubawa." Ta ce launin jelar ma'aikaciya ba abin dogaro ba ne, in haɗe su wuri ɗaya kamar yadda kowa ke yi. Na koma tun daga takardar Afrilu na gyara.

Laraba, 2 ga Yuli 2025

Jiya zafi ya haura digiri 34 a sassan kudu maso gabas, ga shi ruwa ya yi ƙaranci tun watan Maris. Na fita da ƙarfe goma sha ɗaya kamar yadda tsari ya ce, amma furanni sun yi yaushi, bombus kuma ya ɓuya. Jikin da aka halitta da rigar gashi domin ya iya tashi a sanyin da ƙudan amya ba ya fita, shi ne yake zame masa nauyi a irin wannan rana. Na soke ƙidayar jiya, na maimaita yau da safe, na kuma rubuta dalili. Farar kuloba ta gonar shanu, wadda ta ɗan farfaɗo bayan yanka na biyu, ta ƙone ƙurmus.

Talata, 22 ga Yuli 2025

Gonar dattijo ta biya ni duk wahalar da na sha. Bai yanka ingiricinsa ba tukuna, kuma saboda ƙasar fadama ce mai riƙe laima, jar kuloba tana nan da ranta duk da farin da ake ciki. Furenta dunƙule ne na ƙananan bututu masu zurfin kusan santimita ɗaya, sai mai dogon harshe ke kai wa ga ruwan da ke ƙasa, garinta kuma yana da sinadarin gina jiki mai yawa, wanda tsutsotsi ke buƙata. A nan na kama wata ma'aikaciya mai launin ƙasa-ƙasa na sa a kwalba, na juya ta a hasken rana ina neman baƙin gashi a gefen cikinta ban samu ba, sai 'yan silin baƙin gashi a gindin fiffike da wani ziri mai duhu a bayanta. Bombus humilis ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ƙaranci a ƙasar. Hannuna har rawa yake yi lokacin da na buɗe murfin ta tashi.

Na tambayi dattijon abin da ya sa yake jinkirta yanka. Ya ce haka ya ga mahaifinsa yana yi, kuma tun da masu aikin ƙuda suka zo yankin shekarun baya suka roƙi manoma su bar kuloba ta yi fure, ya ƙara da kwashe tumaki daga wasu filaye a watannin Yuni da Yuli. Aikin da yake nufi sananne ne. A Dungeness, 'yan kilomitoci daga inda muke tsaye, aka yi wa Bombus subterraneus ganin ƙarshe a Birtaniya a 1988, aka ayyana ɓacewarsa a 2000, bayan Bombus cullumanus da ba a sake gani ba tun 1941. A 2009 aka fara yunƙurin dawo da shi. Da farko an nufi Niyu Zilan, inda zuriyarsa take tun lokacin da aka fara kai bombus daga Ingila a 1885 domin barbarar jar kuloba, amma hakan bai yiwu ba, sai aka koma kudancin Suwidin aka riƙa kawo sarauniyoyi ana saki daga 2012 zuwa 2016. Nau'in bai kafu ba. Sai dai filayen furen da aka shirya domin tarbarsa sun amfani waɗanda ba a yi domin su ba, irin su humilis da muscorum da ruderatus, waɗanda suka sake bazuwa a fadamar. Wadda na riƙe a kwalba yau tana cikin masu cin wannan gajiya.

Alhamis, 28 ga Agusta 2025

An girbe alkama da wuri bana, an bi gonar da faifan garma har gindin shinge. Bilakberi ya zama 'ya'ya, dattijo ma ya yanka ingiricinsa, sai dai ya bar ziri mai faɗin taku biyar a gefe ɗaya bisa roƙona. Giɓi na uku ya shigo, kuma a ganina shi ne mafi haɗari, domin yanzu ne sababbin sarauniyoyi suke fitowa, kuma kowace sai ta tara kitsen da zai riƙe ta wata shida ko fiye a ƙarƙashin ƙasa. Wadda ta kwanta da rama ba za ta ga Maris ba. Da sassafe nakan tarar da maza sun kwana a kan furannin zirin nan, raɓa ta jiƙa musu gashi, domin namiji in ya bar gida ba ya komawa. Na kai yatsa kusa da ɗaya, ya ɗaga ƙafarsa ta tsakiya sama yana yi mini kashedi, alhali ba shi da ƙari ko kaɗan.

Sheƙar da na gano a gindin shingen gonar alkama tun watan Mayu ta halaka. Wata dabba 'yar uwar dage ta tone ta da dare, na tarar da rami da tarwatsattsun tukwanen kaki, 'yan ma'aikata kaɗan suna kewaya wurin. Wannan dabba ta saba haka, musamman a shekarar fari da ƙasa ta yi tauri ta rasa tana. Na daɗe a tsugune ina duba ɓaraguzan ko zan ga manyan kwasfan da sarauniyoyi ke fitowa daga ciki, ban ga ko ɗaya ba, ƙanana ne duka. Gidan da ya yi ta kai da kawowa a lokacin kanola ya ƙare bai bar magaji ba.

Gida ɗaya ba hujja ba ne, amma ya yi daidai da abin da aka samu a Hillesden ta yankin Buckinghamshire, inda aka bi zuriyar bombus daga shekara zuwa shekara ta ƙwayoyin halitta, aka buga a 2017 cewa damar zuriya ta kai baɗi tana iya ninkawa har sau huɗu idan akwai wurare masu fure a cikin mita 250 zuwa 1,000 daga sheƙa. A gonar Hillesden ɗin dai an cire har kashi 8 cikin ɗari na ƙasar noma daga gefuna marasa albarka aka mayar wurin fure da ciyawa, kuma jimillar amfanin gona ba ta ragu ba. Na buga wa manomin alkama wannan a takarda na kai masa.

Da dare na yi waya da mahaifina, yana shirin feshin wake. Na ce, "Baba, in da hali a bari sai la'asar sakaliya, lokacin da furen ya rufe, masu ƙugin nan sun koma gida." Ya ce zai gaya wa yaron da ke yi masa feshi, ya kuma ce gambar da ke kan iyaka tana nan bai taɓa ta ba, sai kaka in za a yi zana.

Alhamis, 9 ga Oktoba 2025

Zagaye na kusa da ƙarshe. Dokar Ingila ta hana aske shinge daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta saboda tsuntsaye masu sheƙa, don haka Satumba na kamawa injuna suka fito. A gonar shanu an aske shingen tas, har da aibi, wata ciyawa mai hawa bishiya wadda sai yanzu take fure, kuma ita ce abincin ƙarshe na shekara. A harabar cocin ƙauye, inda ta lulluɓe tsohuwar katanga, na sami sarauniyoyin terrestris da 'yan ma'aikatan pascuorum da gashinsu ya koɗe suna kiwo tare da zanzaro da ƙudaje.

Na fara jera bayanan mako-mako, kuma hoton da ke fitowa shi ne hanya ta farko ta fi kowace yawan fure idan aka tara na shekara, amma ita ce ta fi yawan makonnin da babu komai, sannan sababbin sarauniyoyi a hanya ta uku da ta huɗu na fi ganin su. Malama ta ce kada in rubuta wannan a matsayin sakamako sai an yi lissafi, kuma sai an ƙara shekara ta biyu, tunda bana shekarar fari ce. Na yarda da ita. Abin da zan ƙara a tsarin baɗi shi ne auna tazarar da ke tsakanin kowane wurin sheƙa da fure mafi kusa a kowane wata, tare da zana taswirar lambuna da bishiyoyin wilo da ke cikin kilomita ɗaya daga kowace hanya.

Manomin alkama ya kira ni ranar Litinin ya ce ya karanta takardar. Zai bar zirin nan na gefen gonarsa mai faɗin mita 6 ba tare da jiran tallafi ba, zai shuka jar kuloba da waken daji, zai kuma riƙa aske shingensa ɓangare-ɓangare, kowane sashe sau ɗaya a shekara uku. Na roƙe shi ya dasa wilo biyar a bakin kududdufinsa saboda watan Maris, ya ce in kawo rassan a Disamba mu kafa tare.

A hanyar dawowa daga gonar dattijo na ga wata sarauniya mai jar jela a wani gangare mai fuskantar arewa, inda rana ba za ta tashe ta kafin lokaci ba. Tana tono da ƙafafun gaba tana turo ƙasa baya, cikin rabin sa'a jelar kaɗai ake gani, daga nan ta shige. Na kafa ɗan turke taku ɗaya daga wurin, na ɗaura masa jan ƙyalle, na rubuta lambarsa a littafi, dattijo kuma ya ce ba zai bar motar noma ta bi ta gangaren ba har sai na dawo a Maris.